Baƙin Mai da Ƙurar Hunturu: Abin da Ke Tsawaita Ran Tsohuwar Mota

Iskar gabas ta fara kaɗawa, leɓe ya fara tsagewa, duk wanda ya share tsakar gidansa da safe kafin la'asar sai ya tarar kamar bai taɓa riƙe tsintsiya ba. A irin wannan lokaci ne na ga ya dace mu ƙyale 'yan siyasa su huta na mako guda, mu waiwayi wata baiwar Allah da ke shaƙar wannan ƙura fiye da kowa a gida, ba ta kuma da bakin yin ƙorafi. Ina nufin tsohuwar mota, irin su Peugeot 404 da 504 da muke kira Fijo, da Volkswagen Beetle mai kama da kunkuru, da tsofaffin Land Rover da har yanzu ake gani jefi-jefi a garuruwanmu.

Maganata a yau guda ce. Mafi yawan tsofaffin injinan da suka mutu a ƙasar nan ƙura da gurɓataccen mai ne suka kashe su tun kafin tsufa ya iso. Ayyuka biyu ne ke tare wannan ajali, wato juyen baƙin mai da gyaran matatar iska, wadda 'yan gareji ke kira iya-kilina. Duka biyun ba su wuce aikin sa'a guda ba, kuɗinsu kuma bai kai kusa da na sauke inji ba. Amma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kafin mu shiga ƙarƙashin mota, bari mu tuna ko wace ce ita. An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, a shekarar da ta biyo baya kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo da suka karya motoci masu tsada. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, a ita ce kuma aka fara harhaɗa Beetle a Legas, inda Yarabawa suka laƙaba mata suna Ijapa, wato kunkuru. Faransa ta daina ƙera 504 ƙirar salun a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan haka. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta malamin makaranta da ya samu bashin mota, ita ce kuma mai dogon baya da ta yi ta jigila tsakanin Kano da Maiduguri, Sakkwato da Kaduna, Katsina da Maraɗi. Abin da Turawa ke ajiyewa a matsayin kayan tarihi, su goge su fita da shi ranar Lahadi, mu a nan yana cikin tarihin masana'antunmu, wani wurin ma har gobe shi ke ciyar da gida.

To me baƙin mai yake yi a cikin inji? Mutane da yawa sun ɗauka santsi kawai yake bayarwa. Santsin na nan, domin tsakanin karanshaf da ƙarafan da bakanikai ke kira metal akwai ɗan siririn mai da bai kai kaurin gashin kai ba, shi ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe alhali sandar na juyawa sau dubbai a minti guda. Amma aikinsa ya wuce nan. Yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, wurin da ruwan lagireto ba ya kaiwa. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin wuta ya zurare. Yana kuma wanke inji, ya tattara toka da garin ƙarfe ya riƙe su a jikinsa har ranar da za a zubar da shi. Shi ya sa baƙin da mai ke yi ba laifi ba ne, alama ce ta yana aikinsa. Laifin yana farawa ne ranar da ya cika da datti, sinadaran da aka zuba masa suka ƙare, aka kuma bar shi yana zagayawa. A motar Beetle lamarin ya fi tsanani, domin injinta ba ya amfani da ruwa ko kaɗan, iska da mai ne kawai ke sanyaya shi.

Tsohon inji yana ɓata mai da sauri fiye da na zamani, kuma akwai dalili. Kafireto ba ta auna fetur da ƙwarewar kwamfutar sabuwar mota, musamman da sanyin safiya idan an ja cok. Rarar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya gangara cikin mai ya tsinka shi. Ringin da ya sha aiki yana barin hayaƙi ya ratsa zuwa ƙasa, da toka da tururin ruwa a cikinsa. Motar da ba ta wuce zuwa kasuwa da kai yara makaranta ta fi shan wannan wahala, domin injin ba ya daɗewa da zafi har tururin ya fita. Saboda haka masu cewa motarsu ba ta tafiya mai nisa, don haka ba ta buƙatar juye, sun juya lissafin ne. Motocin wancan zamani an saba yi musu juye a duk kilomita 5,000. A ra'ayina, wanda ke bin hanyar da ba kwalta, ko yake aiki cikin hunturu, ya rage zuwa 3,000. Wadda kuma take ajiye ana fita da ita lokaci-lokaci, a yi mata duk wata shida ko da ma'aunin tafiyarta bai motsa sosai ba.

Sai zaɓen man kansa. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50, suna faɗin kauri ne. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. An ƙera tsofaffin injina da 'yar tazara mai faɗi tsakanin ƙarafa, shekaru kuma sun ƙara buɗe ta. A zafin ƙasarmu, inda Afrilu ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, 20W-50 ko SAE 40 su ne suka dace da yawancinsu. Siririn mai irin 0W-20 da 5W-30 da ake zuba wa sababbin motoci ba don su aka yi shi ba, ko da ya fi tsada. A tsohon inji yakan sa ƙarfin turin mai ya faɗi, ya kuma nemi kowace kafa ya tsiyaye. Akwai ƙarin dalili: kamshaf na waɗannan injina yana gugar ƙarfe kai tsaye, yana buƙatar wani sinadari mai zinki da fosfaras da ke hana lalacewa, sinadarin da aka rage a siraran mayuka na zamani don kare na'urar tace hayaƙi ta sababbin motoci.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne asalin man. Kowa ya san man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, mai kyan launi, wanda ba wanda zai iya faɗa maka daga wace ganga ya fito. Wani ɗanyen mai ne da ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba, wani kuma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Har galan mai tambari ana cika shi da jabu a sake liƙe murfin. Shawarata ita ce mutum ya sayi mansa da kansa a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi, a buɗe a gabansa, idan an gama kuma ya huda galan ɗin ko ya tafi da abinsa gida don kada a sake cika shi a cuci wani. Araha ba ta ado, a wannan fage ma kashe inji take yi.

Yanzu ga yadda ake juyen. Ko da ba kai za ka yi da hannunka ba, sanin tsarin zai sa ka tsaya a kan bakanike da idon basira. A fara tayar da mota ta yi kamar minti goma, domin mai ɗumi ya fi gudu, yana kuma fita da dattin da ya kwanta. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a kashe, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a bayan taya. Idan babu rami sai an ɗaga ta, to a tokare ta da abin da ba ya motsi. Kada mahaluki ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, domin jak yana zamewa ba tare da sallama ba, a kan rairayi kuwa abin ya fi sauƙin faruwa. A buɗe murfin zuba mai na sama, a ajiye kasko, sannan a kwance notin ƙasa da sufanar da ta yi masa daidai. A bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo, minti goma zuwa sha biyar. Gaggawa a nan ita ke barin mafi munin dattin a ciki.

Kada a yi saurin kawar da kaskon, domin tsohon mai wasiƙa ce daga cikin inji. A fito da shi rana a duba. Idan ya yi launin shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta gasket ɗin saman inji, a 504 kuma yana iya zama ta gasket ɗin da ke ƙasan silinda, tun da silindarta irin wadda ake zarewa ce, ruwa na zagaye da ita. Idan yana warin fetur kuma ya tsinke kamar ruwa, a bincika kafireto da famfon fetur, wanda robarsa kan fashe ta riƙa zuba fetur cikin inji. Idan ana ganin ƙyalƙyali kamar garin zinare ko azurfa, metal ne ke narkewa a hankali, gara a nemi gwani tun kafin inji ya buga. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan sai filtar mai. A canza ta duk lokacin da aka yi juye, domin tsohuwa tana riƙe da ƙazamin mai a cikinta, idan ta toshe kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta bar mai ya wuce ba tacewa. A tabbata robar tsohuwar ta fito tare da ita, don idan ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, man zai iya tsiyayewa gaba ɗaya a kan hanya. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a murɗa da hannu har ta zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye guda. Ba ta buƙatar sufana. Notin ƙasa ma a sa masa sabuwar wosha, a ɗaure shi da hankali. Yaran gareji suna da son nuna ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ke cinye zaren noti, daga nan sai a koma naɗa tsumma da zare, mota ta riƙa ɗiga har ƙarshen rayuwarta.

Beetle tana da nata tsarin. Asalin injinta ba shi da filtar mai irin wadda muka sani, sai wata raga ta ƙarfe a ƙasa, bayan faranti mai noti shida. Ana kwance farantin, a wanke ragar da kananzir, a mayar da sababbin gasket guda biyu da sababbin woshoshi. Notocin ƙanana ne, ɗauri kaɗan suke so. Mai lita biyu da rabi kawai take ɗauka, ga shi babu filta, shi ya sa jinkirin juye ya fi yi mata illa fiye da kowace mota. Ita kuwa 504 mai injin fetur tana shan kimanin lita 4.

Wajen zubawa, a zuba ƙasa da adadin kaɗan, a jira ya sauka, a zaro sandar awo a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layuka biyun, kusa da na sama. Cikawa fiye da kima ba alheri ba ne, karanshaf zai riƙa bugun man yana kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe nauyin ƙarfe, ga kuma matsin da ke fasa robobi. A tayar da mota a bar ta a silo. Jan fitilar mai ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, idan ta ƙi a kashe injin nan take. A leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗigo, a kashe, a jira minti biyar, a sake aunawa a cike gurbin da filta ta sha.

Akwai al'adu uku na gareji da nake roƙon mai karatu ya ƙi amincewa da su. Na farko, taka totur da ƙarfi da zarar an gama juye, wai don mai ya zagaya. A wannan lokacin ne ƙarafa suka fi bushewa, filta ma ba ta cika ba. Na biyu, zuba kananzir ko gas a tayar da inji da sunan wanki. Wannan yana ɓamɓaro tsohon dattin da ya daskare ya kai shi ya toshe ragar famfon mai, ragowarsa kuma ta tsinka sabon man. Injin da ya yi datti, maganinsa juye biyu ko uku kusa da kusa. Na uku, ciko a maimakon juye. Wasu direbobi suna cewa tun da motar na shan mai suna ƙarawa kullum, ai man sabo ne. Abin da ke ƙonewa ya fita, dattin kuwa yana nan yana taruwa, kamar randar da ake ƙara wa ruwa shekara guda ba a taɓa wanke gindinta ba.

Yanzu mu zo ga rabin aikin da aka fi mantawa, wanda a ƙasarmu nake ganin ya fi na farko nauyi. Inji yana buƙatar iska kimanin kilo 15 kafin ya ƙone kilo guda na fetur. Idan aka mayar da shi ma'aunin lita, duk litar fetur guda tana tafiya da iska wajen lita dubu tara. Mai karatu ya lissafa tankin da ake ƙonewa daga Kano zuwa Maiduguri, sannan ya tuna irin iskar da ke kan hanyar a watan Janairu. Yawancin ƙurar hunturu tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Garin da ke wurin ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne, asalinsa kuma sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. A hanya yana haɗuwa da rairayin Sahara da jar ƙasar titunanmu. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta shiga inji ta haɗu da mai, sai ta zama kamar garin da ake wasa wuƙa da shi, ta ci ringi, ta ci bangon silinda, ta gangara ta ci metal. Filtar mai ba ta kama mafi ƙanƙantarta. Don haka wanda ya zuba mai mafi tsada ya bar ƙofar iska a buɗe, ya yi aikin baban giwa.

Matatar iska iri biyu ce a tsofaffin motoci. Akwai ta takarda, akwai kuma mai wankan mai, wadda ke kan tsofaffin Beetle da Land Rover da taraktoci, da kuma Peugeot da yawa da aka yi domin ƙasashe masu ƙura. Wannan ta biyun dabara ce da ta cancanci a yaba wa wanda ya ƙirƙiro ta. Tukunya ce mai ɗan mai a gindinta. Iska tana shigowa ta gangara da gudu zuwa fuskar man, sai a tilasta mata yin kwana ta koma sama. Iska tana iya kwanar, ƙura mai nauyi kuwa ba ta iyawa, sai ta faɗa cikin man ta nutse. Iskar da ta juya tana ɗaukar feshin mai zuwa wata cukurkuɗaɗɗiyar raga da ke sama, ragowar ƙurar ta manne a can, man ya sake gangarowa da ita ƙasa. Takarda mai kyau ta fi ta kama ƙananan ƙwayoyi, musamman idan inji na silo, amma ita mai wankan mai tana ɗaukar ƙura mai yawa ba ta toshe ba, ba ta kuma buƙatar a sayo komai daga waje. Ɗan kananzir da kofin mai sun ishe ta, ko a ƙauyen da babu shagon kayan gyara.

Gyaranta ba wuya. A sassauta maɗaurin, a ɗago ta a tsaye ba tare da karkatawa ba, don kada ƙazamin man ya malala cikin kafireto. A rufe bakin kafireton da tsumma mai tsabta. A ɓalle maƙallan a raba sama da ƙasa, a zubar da tsohon man, a kankare taɓon da ya kwanta a gindi, a wanke da kananzir a goge. Idan ragar sama ta yi datti, a jiƙa ta a kananzir, a girgiza, a bar ta ta tsane sarai. Kada a yi wankin da fetur, tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobara. Sannan a zuba sabon man inji daidai layin da aka zana a jikin tukunyar. Idan ya gaza layin, ƙura za ta wuce. Idan ya haura, inji zai zuƙe shi ya yi ta hayaƙi, fulogi su yi baƙi. A lokacin hunturu ya kamata a leƙa ta duk mako, mai bin hanyar karkara ma fiye da haka. Yatsa guda a cikin man zai gaya maka kaurin taɓon da ke ƙasa.

Abin takaici shi ne sanin wannan tukunya yana tafiya tare da tsofaffin bakanikai. Yaron da ya koyi aiki a kan motocin Kwatano bai taɓa ganin irinta ba. Wani ya ɗauka man da ke ciki yoyo ne daga inji, sai ya zubar ya goge ya mayar da ita a bushe. Wani ya cire ta gaba ɗaya ya ɗaura ɗan ƙaramin kwando mai sheƙi, ko ya bar kafireto a buɗe, wai don mota ta ƙara numfashi. Ƙarar injin takan ƙaru, mai motar ya ji daɗi, kafin damina ta zagayo kuma shuɗin hayaƙi ya fara bin sa a baya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ta takarda kuma ba a gyara ta, canza ta ake yi. Ana iya bubbuga ta a hankali a tafin hannu don ƙurar sama ta zube, amma kai ta wurin mai faci a hura mata iska da ƙarfi yana yaga ƙananan kafofin takardar, ta fito fes a ido alhali ta zama rariya. Wanke ta da ruwa ko fetur ma kashe ta ne. Gwaji mai sauƙi shi ne a sa fitila a cikinta. Idan haske bai ratso ba ta toshe, idan kuma an ga wani wuri yana walƙiya fiye da sauran, ta huje. Wadda ta toshe tana sa mota shan fetur da baƙin hayaƙi, domin kafireto za ta riƙa zuƙo fetur fiye da iska. A wannan tsadar fetur da muke ciki tun bayan cire tallafi a 2023, kuɗin sabuwar matata yana dawowa aljihu cikin 'yan makonni. A kuma goge cikin gidanta da ɗanyen tsumma, a duba robar murfi, da bututun da ya tafi kafireto, da ƙaramin bututun numfashin inji. Tsaga ɗaya a jikin roba ta isa ta mayar da duk aikin banza, domin iska tana bin hanya mafi sauƙi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ka shafa yatsa a maƙogwaron kafireto ka ji gari-gari, to ƙura na shiga ta wani wuri, a nemo shi.

Saura tsohon man da aka juye. Dubi ƙasar kowane tsohon gareji, baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Ruwan sama yana wanke wannan zuwa kwata, wani kuma yana nutsewa ƙasa, a unguwannin da yawancin gidaje rijiya suke sha. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran ƙuna, kamfanonin mai da kansu suna gargaɗin cewa yawan taɓa shi yana iya jawo cutar daji ta fata. Don haka kada a shafa shi a gyambon dabba ko ƙaiƙayin mutum kamar yadda wasu ke yi, kada a zuba a kwata, a kuma wanke hannu da sabulu bayan aiki. A tara shi a jarka mai murfi a miƙa wa masu saye. Masu gareji kuma su ji tausayin yaran da ke wuni hannu dumu-dumu cikinsa, su koya musu wanke jiki da ajiye kayan aiki daban da na sawa.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan motar da ta kusa shekara hamsin? Ina da amsa biyu. Ta farko ta aljihu ce. Kayan waɗannan motoci na asali suna ƙaranci a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ake samu yawanci kwance ne daga wata da ta riga ta mutu, ko sabon jabu. Injin da ya buga a yau ba lallai a samu abin tashinsa ba, ga direban da motar ce gonarsa kuwa, ranar da ta tsaya tukunyar gidansa ta tsaya. Ta biyu ta tarihi ce. Kowace 504 da aka auna a sikelin 'yan gwangwan, an rage shaida guda ta lokacin da hannun 'yan ƙasar nan ke harhaɗa mota a Kaduna. Jikokinmu za su ji labari, ya kamata su samu abin gani da taɓawa.

Shawarata ta ƙarshe ba ta cin ko sisi. A ajiye ɗan littafi a aljihun mota, a riƙa rubuta ranar juye, da lambar kilomita, da irin man da aka zuba, da ranar da aka duba matatar iska. Idan ma'aunin tafiya ya mutu, kamar yadda yake a yawancinsu, a yi lissafi da watanni. Kowace safiya kafin a tayar da inji a zaro sandar awo a duba, aikin minti ɗaya ne. Wanda ke da irin wannan mota a gida, ko ta mahaifi ce da aka lulluɓe da tamfol, ya buɗe bonet a wannan makon ya leƙa tukunyar iska kafin hazo ya yi ƙarfi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.